Ƙwayar Dawa a Cikin Kwalba

Rifkatu 'yata, Uwata ta kaina,

Gaisuwa da sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, kin sami kujera kusa da taga, akwatinki yana inda idonki ke ganinsa. Allah ya tsare hanya, ya tsare direban jirgin ƙasan nan daga gyangyaɗi, ya sauke ku Zariya lafiya, ko da jirgin ya yi lattin da ya saba. Amin.

Na ce kada ki buɗe ambulan ɗin nan sai duwatsun Kagoro sun ɓace miki da gani. Amma na san halinki, nawa ne kika ɗauko, don haka ina zaton kin farke shi tun jirgi bai gama fita daga tashar Kafanchan ba. Ba komai. Abu ɗaya nake roƙo tun kafin ki ci gaba: duk abin da kika karanta a ciki, kada ki sauka a Kaduna ki juyo gida. Ki riƙe wannan, domin duk sauran zancen a kansa zai tsaya.

Ga maganar, ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Wata huɗu ke nan tuwo yana tsaya mini a ƙirji. Sai na kora da ruwa, wani lokaci ma ruwan ya dawo. Makon jiya da na ce miki zan je taron dattawan ikilisiya na kwana biyu, ƙarya na yi. Tsohon hedimasta da ya sha zane 'ya'yan mutane saboda ƙarya, ya dubi tsabar idon 'yarsa ya shara mata ita. Asibitin mishan na tafi. Suka sa ni barci, likita ya zura ƙarfensa mai fitila ta maƙoshina, ya gutsuro ɗan nama daga cikin hanyar abinci, ya jefa a kwalba. Da na farfaɗo na ce a nuna mini. Bai kai ƙwayar dawa ba.

Likita ya ce ido kaɗai ba zai yanke hukunci ba. Mai yiwuwa tabo ne na ƙwarnafin da na yi shekaru ina kashewa da ruwan kanwa. Mai yiwuwa fatar wurin ce ta fara sauya kama, irin sauyin da kan riga ciwon daji isowa, wanda in an gan shi da wuri akwai abin yi. Mai yiwuwa kuma baƙon da ya ɗauke mamarki ne ya sake gane ƙofar gidan. Sai an kai ɗakin binciken nama an duba da madubi mai ƙara girman abu kafin a sani. Kuma ɗakin binciken, Uwata, shi ne wanda za ki fara koyon aiki a cikinsa ranar Litinin.

Yanzu ki share ido ki karanta sauran. Ba labarin gari zan ba ki ba, yanzu-yanzu kika baro shi. Laifuffukana zan shimfiɗa miki, domin su ne kaɗai gadon da nake da tabbacin zai amfane ki.

Shekara ashirin da ɗaya na yi da mamarki Saratu, amma in aka tsare ni aka ce in faɗi sau nawa na ga tana cin abinci, ba zan cika yatsun hannu biyu ba. Haka muka taso mun tarar: maigida ya ci nasa shi kaɗai, yara su ci, mace kuma ta ci a ɗakin girki bayan kowa ya ƙoshi. Ni da na zama hedimasta har na ƙara wa abin gishiri. Na sa kafinta ya yi mini tebur da kujera guda ɗaya tak, ina zama ina ci da cokali kamar wani Bature, ina sauraron rediyo. Kwano ya zo cike, ya koma wayam, ban taɓa tambayar abin da ya shiga cikin mai dafawar ba.

A shekarar da yaƙi ya ƙare, kina aji ɗaya a makarantar kwana, sai na lura miyar gidan ta zama iri ɗaya. Yau karkashi, gobe kuɓewa, jibi karkashi. Ran nan na ture kwanon na ce, "Saratu, an hana sayar da yakuwa a kasuwar Kagoro ne?" Ta ce, "Yi haƙuri, Malam, gobe zan canza." Ta kuwa canza. Daga ranar tukunya biyu take ɗorawa, tawa mai ganye da wake, tata mai yauƙi, don miya mai yauƙi ce kaɗai ke taimaka wa loma ta wuce mata. Alama ɗaya da ta iso teburina ke nan, ni kuma na kore ta da faɗa.

Don haka ga shawarata, ko da za ki yi mini dariya. Duk inda kika zauna, ki ci abinci tare da mutane. Ki dubi bakin wanda kike ƙauna yana taunawa, ki ga ya haɗiye. In Allah ya kawo miki miji, ko farfesa ne, ki ce babanki ya ce a yi tebur mai kujera biyu. Ke ma kada ki ɓoye kwanonki. Mamarki ta ɗauka ɓoye ciwo ladabi ne, ni kuma na bar ta a kan haka saboda ya yi mini daɗi.

Akwai wadda ta gani, ita ce Mama Laraba, matar ƙanena Bulus. Ta same ni wata ranar Asabar a gindin mangwaro ina duba takardun jarrabawa, ta durƙusa ta ce, "Malam, matan ka ba ya cin abinci fa. Kunu kawai yana sha, shi ma sai ya tsaya ya buga ƙirji." Ban ko ɗaga kai ba. Na ce, "Laraba, tun yaushe kika zama nas?" Ta tashi ta tafi. Ba ta sake yi mini maganar ba, amma kowace safiya takan dama kunun acca mai ruwa-ruwa, ta tace, ta rufe a kwano, ta kawo wa mamarki ta ƙofar baya. Na raina maganarta don ba ta iya karatu ba, ni kuma ina da satifiket a rataye a bango. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana, ni kuwa nawa rawanin har da jan biro a soke.

Za ki zauna da masu shara da masu wanke kwalabe da masu tura marasa lafiya a keke. In ɗayansu ya ce miki ya ga wani abu, ki ajiye abin da ke hannunki ki ɗaga kai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ranar Jibin Ubangiji. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni ne ke zagawa da farantin gurasa a gefen mata. Da na iso kanta ta ɗauki nata, ta sunkuyar da kai kamar kowa, sai na ga ta naɗe shi a bakin zanenta. Kin san yadda muke ɗaukar wannan a ikilisiya: wanda ya ƙi ci, to yana riƙe da wani a zuciya, ko yana da zunubin da bai tuba ba. Matar dattijo guda! Na ƙarasa zagayen cikin fushi. A hanyar gida, kusa da gonar cittar fasto, na tsare ta. Na ce, "Da wa kike gaba? Me kika aikata da za ki kunyata ni a gaban jama'a?" Sannan ta ce, "Ba ni da kowa a zuciya, Malam. Ina jin tsoro ne ya tsaya mini a gaban mutane." Ta kwance bakin zanen ta nuna mini gurasar, ba ta fi kan yatsa ba.

Na ga ciwo na kira shi zunubi, Rifkatu. Har gobe in na ɗauki farantin nan sai na ji kunyar ranar. Idan abu ya zo gabanki, ki tambaya kafin ki sa masa suna. Kuma ko bayan wannan sai da na jira aka yi hutun makaranta kafin na kai ta asibiti, wai kada aiki ya tsaya. Makarantar tana nan har yau, ba ta san ma na yi ritaya ba.

A asibiti likita ya nemi abin da aka yi mini makon jiya: ya zura ƙarfe, ya gutsuro ɗan nama, ya aika birni a duba. Aka kawo takarda, sai miji ya sa hannu. Na zaro alƙalamina daga aljihu, na buɗe, sai maganar kakanni ta faɗo mini, cewa mutum yakan koma ƙasa cikakke yadda ya zo, kuma ba a barin wani yanki na jikin mutum a hannun baƙi, don ba a san abin da za su yi da shi ba. Ni da nake wa'azi a kan barin al'adun dā! Amma ban faɗi haka ba, kunya ba ta bar ni ba. Sai na yafa wa tsorona rigar bangaskiya, na ce wa likita da Turancina mafi tsada mun bar komai a hannun Allah. Ya ce, "Malam, ko bai cece ta ba, zai gaya muku sunan ciwon, zai kuma taimaki na baya." Mamarki daga kan gado ta ce, "Malam, ka bari su duba." Na ce ta yi shiru, maza suna magana. Na rufe alƙalamin na mayar aljihu.

Wata biyar bayan nan muka binne ta. Kin tuna yadda ta koma, ba sai na rubuta ba.

Makon jiya na tambayi likitan, domin shi ne dai har yanzu, ko da na sa hannu da ta rayu. Mutumin kirki ne, bai yi mini ƙarya ba. Ya ce a yadda muka kawo ta, da wuya. Na ɗauka wannan zai sauke mini kaya, sai na ga bai sauke ba, saboda sa hannun nan ba ran mamarki kaɗai ya shafa ba.

Ciwon da ba shi da suna, mutane sukan raɗa masa nasu. Bayan biso dangi suka zauna, aka fara tambaya: mace lafiyayya, me ya toshe mata maƙoshi? Wa ke kawo mata abu a rufe kowace safiya ta ƙofar baya? Duk ido ya koma kan Laraba. Ina zaune a wurin. Na san abin da ke cikin kwanon, na san dalilin kawo shi, na san ita ce ta zo ta durƙusa ta faɗa mini. Kalma ɗaya daga bakina ta isa ta kashe maganar. Na yi gum. Zan gaya miki dalili tsirara: in guba ce ta kashe Saratu, to ba sakacina ba ne.

Shekara shida ke nan ba mai cin abincin Laraba. Ranar Kirsimeti shinkafarta takan koma gida yadda ta zo. In ta kira gayyar haƙar citta, mata sai kowacce ta tashi da ciwon baya. A zumuntar mata an ba ta share majami'a, an hana ta taɓa tukunya. Bulus ya daina shigowa gidana, ni kuma na ce shi ne mai girman kai. Ke ma na hana ki shan ruwa a gidanta, kin tambaye ni dalili na ce ki yi abin da aka ce. Da ƙwayar dawa ɗaya ta je birni ta dawo da takarda mai cewa ciwon daji ne, da fasto ya karanta a gaban ikilisiya, da matar nan ta ci Kirsimeti shida cikin mutane.

Kin ga ke nan aikin da za ki koya ba na majiyyaci kaɗai ba ne. A bayan kowace kwalba akwai gida, a cikin gidan kuma mai yiwuwa akwai wata Laraba da ake shirin nuna wa yatsa. Ki rubuta abin da idonki ya gani, ba abin da ake so ki gani ba. In ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, ki kira na gaba da ke. Kada ki sauya lakabin kwalba da na wata don gaggawar tashi aiki, gara ki rasa motar komawa masauki. Kada ki yi wasa da dariya a kan naman mutum ko da kowa na yi. Kuma likita ya ce ruwan da ake jiƙa naman yana da yaji a ido da hanci, to ki riƙa buɗe taga, ki wanke hannu kafin ki ci abinci.

Saura laifin da na yi miki ke kanki. Ranar da takardar ɗaukarki ta zo, kika zauna kina yi mini bayani da murna, yadda ake daskarar da naman a cikin kakin kyandir, a yanka shi ya fi ɓawon albasa sirantaka, a shimfiɗa a kan ɗan gilashi, a rina shi, a sa a ƙarƙashin madubi, har a ga inda fata ta fara lalacewa tun ciwo bai kafu ba. Kika ce akwai likitan da ke tara irin wannan nama na hanyar abinci don ya gane yadda ciwon ke farawa. Ni kuwa na ce, "Duk karatun da na ba ki, aikin mahauta za ki yi?" Na so ki zama malamar makaranta, ki gaji allona. Kika ce, "Baba, ina so in ga fuskar abin da ya kashe Mama." Na tashi na shige ɗaki. Kin ɗauka fushi ne. Tsoro ne, Uwata, don a lokacin ni ma tuwo ya fara tsaya mini, kuma na san in kika ga fuskar ciwon za ki ga tawa a kusa da ita. Ki gafarta mini kalmar nan. Mun saba cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wanda ya fara faɗin haka bai san za a ƙera madubinku ba.

Ba za ki tambayi yadda aka yi na je asibiti ba? Ba hankalina ne ya kai ni ba. Na bi sawun mamarki sarai: kina kawo mini kwano teburina, kina fita, ni kuma ina miƙa wa kare ta taga. Kwano na komawa wayam, ke kina murna. Ran nan ina dawowa daga majami'a na yi kiciɓis da Laraba a bakin rijiya. Shekara shida ba ta ce mini komai ba ban da ina kwana. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Malam, kare naka yana ƙiba, kai kana rama. Na taɓa ganin wannan abu. In ka ga dama ka sake ce mini nas." Wannan karon na ɗaga kai.

Da aka kawo takardar sa hannu, na zaro alƙalamin nan dai na dā. Likita ya ce akwai layi na biyu, in na yarda a ajiye ragowar naman don bincike. Na sa hannu a duka biyun. Ya yi mini tambayoyi kamar mai shari'a: ina shan kunu da zafinsa? Ina shan taba? Burukutu fa? Na amsa gaskiya, har da burukutun da na sha kafin baftisma, wanda ko fasto bai san yawansa ba. Ya ce ba su gama sanin abin da ke kawo ciwon ba, shi ya sa suke tambaya suna dubawa.

Shekaranjiya da kika tafi kasuwar Kafanchan sayen bokiti da fitila, na sa rigata ta Lahadi na tafi gidan Bulus da rana tsaka, ta ƙofar gaba. Na durƙusa wa Laraba a tsakar gida, gwiwa biyu, na faɗi abin da na rubuta miki a nan. Bulus ya juya baya yana share ido. Ita ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta shiga ɗakin girki ta daɗe, ta fito da kunun acca a kwano. Na ce a fitar mini da kujera bakin hanya inda masu wucewa za su gani. Na kai kwanon baki ke nan ta riƙe hannuna ta ce, "Bari ya huce, Malam. Ba na so a ce kuma na ƙona ka." Na shanye shi tas, kuma ya wuce. Ranar Lahadi mai zuwa zan tsaya a gaban ikilisiya in faɗi sauran, na riga na gaya wa fasto.

Saboda haka ba ki da hujjar saukowa daga jirgin nan. Ina da mai dama mini kunu, kuma ta ce za ta zauna ta ga na haɗiye, ta kuma ɗaure karen. In kika dawo, me za ki yi? Ki zauna ki zuba mini ido ina ramewa, kamar yadda na zuba wa mamarki? A gidan nan an yi zaman kallo ya isa. A can kuwa za ki koyi dubawa, kuma wata rana wata mata za ta zo da wuri, a ga sauyin tun bai zama ciwo ba, ta koma gida ta aurar da 'ya'yanta. Ina so a ce hannunki yana cikin wannan.

Na san ke 'yar koyo ce, manya ne za su karanta gilashina. In zuciyarki za ta ɗauka, ki roƙe su su bar ki ki leƙa. In ba za ta ɗauka ba, ki fita waje ki sha iska, ba abin kunya ba ne. Amma duk abin da suka gani, ki rubuto mini shi da Hausa, da sunansa, kada ki sa masa suga. In tabo ne mu gode wa Allah. In sauyin nan ne na farko, zan zo a yi abin da za a yi, ba gardama. In kuma baƙon ne, to wannan karon za a san sunansa a Kagoro, ba kuma za a nuna wa kowa yatsa a bayana ba. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Amma tsoron da aka faɗa wa mutum ya fi wanda aka naɗe a bakin zane sauƙin ɗauka.

A ƙasan akwatinki na sa acca mudu biyu da citta da 'yar daddawa. Alƙalamin ma yana cikin aljihun gefe, naki ne yanzu. Ki nemi majami'a tun Lahadin farko. Ki rubuta wa Mama Laraba takarda ta daban, Bulus zai karanta mata.

Abu na ƙarshe. Duk shekarunki na makarantar kwana ban taɓa raka ki ba, kullum ina da aiki, sai in haɗa ki da wani mai tafiya. Likita ya ce kwalaben asibiti sukan tafi ne ranar Alhamis a jirgin safe, cikin ƙaramin akwatin katako, a hannun ma'aikacinsu. Yau Alhamis. Kada ki tashi nemansa cikin taragu, ki zauna abinki kusa da taga. Ki dai sani ba ke kaɗai kika baro gida ba. Ɗan abin da ya samu daga jikina, wanda bai kai ƙwayar dawa ba, yana cikin jirgin nan, kuma har ƙofar ɗakin aikinki zai kai ki.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki. Ya ba idonki gani, ya ba hannunki natsuwa, ya ba bakinki gaskiya. Ya kiyaye ki daga sharrin hanya da na gari, ya haɗa ki da mutanen da za su lura in kin bar abinci a kwano. Ya sake haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Ki wuce Kaduna, Uwata.

Ni ne babanki mai ƙaunarki,
Yohanna